Ko girki zai iya koya wa yara lissafin kaso? Amsa ga wata malama daga Marwa

"Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamare a nan Marwa, arewacin Kamaru, ina riƙe da ajin CM1, wato aji biyar, yaran sun haura 80. Mun daɗe da shiga darasin faraksiyon, wato lissafin kaso, amma abin ya ƙi zama. Daga allo suna kwafa tsaf, ranar gwaji kuma sai ki ga an rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5, wasu har rantsuwa suke yi cewa 1/8 ya fi 1/4. Wata abokiyar aikina ta ce in gwada koya musu ta hanyar girki da awon kayan abinci. Wannan hanya tana aiki da gaske, ko wasa ne kawai? In tana aiki, ta ina zan fara? Ga shi ba mu da kicin, ba mu da kuɗi, ga jarrabawa tana tafe."

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara haƙuri, riƙon yara 80 a ɗaki ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. In na fahimce ki, abu uku kike tambaya a dunƙule: ko hanyar tana da tushe, yadda za a yi ta a aji irin namu, da ko za ta kai yaro ga cin CEP, wato jarrabawar kammala firamare, da jarrabawar shiga sakandare. Na daɗe ina koyar da ajujuwan CM, wato aji biyar da shida, a nan Garwa, kuma na yi amfani da wannan hanya, na ga wasu malamai sun yi. Tana aiki. Amma abin da ke aiki a cikinta shi ne awo, wato zubawa da ƙirgawa da rabawa da ma'auni guda. Wuta da tukunya da ci, duk ana iya barinsu a gida. Malamar da ta gane wannan ba ta buƙatar kicin, wadda ba ta gane ba kuwa za ta kashe kuɗinta, yara su ci waina su ji daɗi, ranar gwaji a sake ganin 2/5.

Dalilin da ya sa abin ke ƙin zama

Yaron da ke gabanki ya yi shekara huɗu, daga SIL zuwa CE2, wato aji ɗaya zuwa huɗu, yana koyon dokokin lamba: 8 ta fi 4, ninkawa tana ƙara abu, rabawa tana rage shi, in ka ga lambobi da alamar tarawa sai ka tara. Duk gaskiya ne muddin ana cikin cikakkun lambobi. Sai rana tsaka muka ɗora masa wata lamba a kan wata, muka ja layi a tsakani, muka ce wannan lamba guda ce. Idonsa kuwa biyu yake gani. Da ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5 ba sakarci ya yi ba, dokar da muka ba shi jiya ya bi, ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Haka ma wanda ya ce 1/8 ya fi 1/4. Ki ƙara da cewa duk wannan da Faransanci yake zuwa masa, alhali a gida Fulatanci ne ko Hausa ko Giziga ko Larabcin Shuwa. Ga baƙuwar lamba, ga baƙon harshe. Abin da ya rage masa sai hadda, kuma yaranmu gwanayen hadda ne. Shi ya sa kike ganin littafi tsaf, kai kuma babu komai.

Kada ki ji kamar tsayawa a nan ɓata lokaci ne. A 2012 wani masani mai suna Robert Siegler da abokan aikinsa sun bi bayanan yara a Amurka da Birtaniya, suka gano cewa yadda yaro ya fahimci kaso da rabawa yana ɗan shekara goma yana nuna yadda lissafinsa zai kasance a sakandare bayan shekara biyar ko shida, ko da an cire tasirin arzikin iyaye da ilminsu. Duk malamin sakandare da ya taɓa fama da aljabara a ajin yaran da ba su san 3/4 ba zai gaya miki haka ba tare da ya karanta binciken ba.

Shi kuma haɗa kaso da abinci ba sabon salo ba ne. Akwai wata tsohuwar takardar lissafi ta ƙasar Masar, wadda wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, yanzu tana gidan tarihi a Landan. Cikin tambayoyinta na farko har da yadda za a raba burodi 9 ga mutum 10. Layin nan kuwa da muke ja tsakanin lambar sama da ta ƙasa, sai a ƙarni na 12 aka fara ganinsa, a rubutun wani malamin Maroko da ake kira al-Hassar. Ke nan mutane sun yi dubban shekaru suna rabo da hannu kafin rubutun ya samu siffarsa ta yau. Mu kuma a aji da rubutun muke farawa.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne yaranmu ba da hannu wofi suke zuwa ba. Yarinyar da ake aika ta sayo rabin burodi ko kwatar mai ta san kaso. Yaron da ke zuwa makarantar allo ya san izu yana rabuwa rabi, rubu'i, sumuni, ya kuma san sumuni ya fi rubu'i gajarta domin hannunsa ya rubuta duka biyun. Ɗan manomi ya ji ana fitar da ushiri daga amfanin damina, buhu ɗaya cikin goma. Malamin unguwa da ke raba gado, in ya ga matar mamaci tana da sumuni, mahaifiyarsa tana da sudusi, sai ya nemo lambar da dukkansu za su shiga, wato 24, ya ba wannan 3, waccan 4. Daidaita lambar ƙasa ke nan, wanda muke shan wahalarsa a CM2, wato aji shida. Sai dai ajinki na kowa ne, akwai Musulmi akwai Kirista, akwai ɗan birni akwai ɗan ƙauye, shi ya sa na fi son awon abinci ya zama ginshiƙi: babu gidan da ba a ɗora tukunya.

Tambayar farko: rabin me?

Darasin farko ba ya buƙatar komai sai robar ruwa biyu, babba mai lita ɗaya da rabi da ƙarama mai rabin lita. Ki zuba ruwa rabi a kowace, ki ɗan rina shi da zoɓo domin na bayan aji su gani. Ki tambaya: wace ce rabi? Za su ce duka. Wace ta fi yawa? Babbar. To yaya rabi ya fi rabi? Ki yi shiru ki bar su su yi gardama. Wannan gardamar ita ce darasin, kada ki yi saurin kashe ta. A ƙarshe wani zai ce ai robobin ba ɗaya ba ne, kuma daga ranar duk wanda ya ce rabi ko sulusi a ajinki, sauran su tambaye shi: na me?

Kasuwa ma shaida ce. Rabin koro a Kusiri ko Njamena ba shi ne rabin kwanon wata kasuwar ba, gwangwanin tumatir ba shi ne gwangwanin madara ba. Aikin gida mai kyau a nan shi ne kowane yaro ya je ya gwada gwangwani nawa ke cika kwanon awon gidansu. Amsoshin za su zo daban-daban, wannan 8, wancan 10, wani ya ce 9 da ɗan ɗori. Kada ki ce wani ya yi kuskure. Ki rubuta su duka a allo ki tambaya me ya sa suka bambanta. Yaron da ya ce kwanonsu 8 yake ɗauka ya riga ya riƙe 1/8 a hannunsa, saura ki nuna masa yadda ake rubutawa.

Abu na biyu da ya kamata ya zauna tun farko shi ne daidaiton yanka. Yara suna cewa "ba ni babban rabin", kuma a wurinsu magana ce mai ma'ana. Maganinta dokar nan da iyaye mata suka sani: mai yankawa shi ne na ƙarshe a ɗauka. Ki ga yadda yaro zai natsu yana gwada wuƙa kafin ya sauke ta.

Burodi, roba da kiret

Dogon burodin nan namu ya fi duk wani zanen da'ira da ke cikin littafi, domin tsawo gare shi, kuma tsawo ido yana iya gwada shi. Ki kawo guda biyu masu girma ɗaya. Ki raba ɗaya ga mutum huɗu, ɗaya ga mutum takwas, ki ɗaga yanka ɗaya daga kowanne. Babu yaron da zai zaɓi na mutum takwas, har wanda ya rantse 1/8 ya fi 1/4. Gani ya kori ji. Nan take, burodin yana hannu, ki rubuta lambobin ki faɗi aikin kowace: ta ƙasa tana gaya mana mutum nawa aka raba wa, wato girman yanka, ta sama tana ƙirga yanka nawa aka ɗauka. In masu ci suka ƙaru, yanka ya ƙanƙance. Daga nan ba sai kin sake sayen burodi ba, karan dawa ko tsinken takarda masu tsawo ɗaya sun wadatar.

Roba kuma ita ce za ta zama layin lamba. A nan akwai wurin kula. Kada ki ɗauki rula ki auna tsakiyar tsawon robar ki ce nan ne rabi, domin wuyanta siriri ne, gindinta kuma yana da lanƙwasa. Da zubawa ake sa alama. Ki auna lita ɗaya, ki raba shi a kofi biyu iri ɗaya masu nuna ciki har bakin ruwan ya zo daidai, ki mayar da ɗaya cikin roba, ki ja layi: 1/2. Ki sake raba rabin biyu, ki sami kwata, ki zuba ɗaya bayan ɗaya kina sa alama: 1/4, 2/4, 3/4, 4/4. Yaran da kansu za su lura cewa alamar 2/4 ta hau kan ta 1/2, ta 4/4 kuma ta hau kan 1. Ba sai kin sanar da su dokar kaso masu daidai da juna ba, sun gan ta. In robar mai lita ɗaya da rabi ce, ki ci gaba da zubawa: 5/4, 6/4. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin yaron da aka koya wa kaso da yankan abu guda kawai yana ɗauka cewa kaso ba ya wuce ɗaya, sai ya ga 5/4 ya rikice. Bayan haka ki zana robar a allo a kwance, ki share jikinta ki bar layi da alamomi. Layin lamba ya samu.

Na uku shi ne wanda na fi so, kuma kyauta ake samunsa wajen mai shayi: kiret ɗin ƙwai wanda ya ƙare. Rami 30 gare shi, jeri shida na biyar-biyar. Lamba 30 tana da albarka a wannan aiki, domin rabinta 15, sulusinta 10, humusinta 6, sudusinta 5, ushirinta 3. Da tsakuwa ko marafan kwalba, sai ki ce a cika rabin kiret, a ƙara sulusinsa. An zuba 15, an ƙara 10, ya zama 25. Jeri nawa suka cika? Biyar cikin shida. Ga 5/6 ta fito da kanta. Sai ki ce to a gwada amsar da aka saba rubutawa, 2/5 na kiret nawa ne? 12. Mun fara da 15, mun ƙara a kai, yaya za a yi mu koma 12? Yaron da ya ƙirga wannan da yatsunsa da wuya ya sake yarda da 2/5. Wani mai kaifin kai zai tambaye ki kwatar kiret, ya tarar 7 da rabi ne, ba ya fita daidai. Ki yi murna da tambayar, ita ce ƙofar bayanin dalilin da ya sa wani lokaci 12 ake nema, wani lokaci 24, wani lokaci 30.

In sun tambayi me ya sa dole sai an daidaita lambar ƙasa kafin a tara, ki ɗaga ludayi ɗaya da cokali ɗaya cike da gari ki ce: biyun me ke nan? Ba ludayi biyu ba ne, ba cokali biyu ba ne. Sai an juye ludayin an ƙirga shi da cokali sannan a iya tarawa. Rabi da sulusi ma haka suke, sai an mayar da su sudusi-sudusi, 3 da 2.

Sai a zo ga girkin kansa

Bayan waɗannan sun zauna, lokacin awon girki ya yi, kuma a nan ne ninkawa da rabawa suke samun ma'ana. Ki rubuta wani awo a allo, misali kunun gyaɗa na mutum 8: shinkafa gwangwani 2, markaɗaɗɗiyar gyaɗa gwangwani 1, sukari 3/4 na gwangwani, ruwa lita 3. Ba dole ya yi daidai da na kowane gida ba, 'yan matan ajin ma za su gyara miki, ki bar su su gyara. Sai ki ce yau mutum 4 ne kawai a gida. Shinkafa 1, gyaɗa 1/2, ruwa lita 1 da rabi, duk za su faɗa kafin ki rufe baki. A sukari za su tsaya. Rabin 3/4 nawa ne? Ki ba su karan da aka raba huɗu su nema. Wasu za su ce kwata ɗaya da rabin kwata, kuma daidai ne. Ki tambaya rabin kwata mene ne sunansa, su raba kowace kwata biyu, su ƙirga takwas, su ga 3/8. Sai bayan nan ki nuna cewa 1/2 × 3/4 a rubuce yana ba da 3/8 ɗin nan dai. Ga ninkawa ta rage abu, a gaban idonsu.

Kashegari ki ce baƙi sun zo, mutum 12 ne. Sha biyu shi ne takwas da rabinsa, saboda haka kowane awo a ƙara masa rabinsa: shinkafa 3, gyaɗa 1 da 1/2, ruwa lita 4 da 1/2, sukari 3/4 da 3/8, wato 9/8, gwangwani ɗaya da sumuni. Darasi ɗaya ya ɗauko tarawa, ninkawa da 3/2, da kason da ya wuce ɗaya, kuma babu yaron da zai tambaye ki amfaninsa.

Raba lamba da kaso shi ne abin da manya ma suke yi da hadda, a juya ta biyun a ninka, ba tare da sanin dalili ba. Ki ɗauko robar zoɓo mai lita ɗaya da rabi da kofin kwata. Mai sayarwa kofi nawa za ta samu? Su zuba su ƙirga: 6. Ki rubuta 3/2 ÷ 1/4 = 6. Za ki ga mamaki a fuskokinsu, an raba kuma amsa ta fi abin da aka raba. Tambayar rabawa ita ce kwata nawa ke cikin wannan, kuma tun da kowace lita tana ɗauke da kwata huɗu, raba abu da 1/4 daidai yake da ninka shi da 4. Dokar juyawa ke nan, da dalilinta. A wannan gaɓar ki haɗa da ma'aunin littafi: kwatar lita santilita 25 ce, ana rubuta ta 0,25, kwatar kilo giram 250, kwatar sefa 1000 kuma 250. Jarrabawa tana son waɗannan, kuma a nan suke shiga cikin sauƙi.

Tarkunan da ke cikin tukunya

Girki yana da wuraren da yake yaudarar malami, kuma na ga ƙwararru sun faɗa ciki. Babbansu shi ne rikita kaso da gwami, wato awon wani abu idan an gwada shi da abokin haɗinsa. In aka ce shinkafa da wake, wake gwangwani 1, shinkafa gwangwani 3, yawancin yara za su ce wake shi ne 1/3. Sulusin shinkafar ne, gaskiya, amma a cikin abin da aka zuba gaba ɗaya, gwangwani ɗaya ne cikin huɗu, wato 1/4. Tambayar nan ta farko ce ta dawo: sulusin me? Yawancin awon iyayenmu da gwami yake tafiya, ɗaya na wannan biyu na wancan, saboda haka in ba ki tsaya kin bambanta ba, girkin zai dasa sabon kuskure. Ki jera gwangwanayen huɗu a kan tebur kafin a gauraya, a ƙirga su a jere. Akwai ma wani abu: in kika gauraya kika sake aunawa, ba za su cika gwangwani huɗu cif ba, domin shinkafa tana shiga tsakanin ƙwayoyin wake. Yaro mai lura zai kama ki da wannan, gara ki riga shi faɗa.

Na biyu, awon kasuwa da tozo ake yinsa, mai awo ma takan ƙara da hannu. Rabin gwangwani mai tozo ba rabi ba ne. A aji doka ɗaya ce: a cika, a shafe bakin da rula. Na uku, ba komai ne ke ninkuwa a tukunya ba. In aka ninka shinkafa biyu, lokacin dahuwa ba ya ninkuwa biyu, kuma mai girki da ta san aikinta takan ɗanɗana gishiri da kanwa maimakon ta ninka su ido rufe. Ki faɗa wa yara wannan a fili. Yana kare mutuncin lissafin, yana kuma kare mutuncin uwar da ke awo da ido, domin ba na son yaro ya koma gida yana raina hannun da ya fi littafinsa sanin tuwo.

Yadda za a yi da yara 80

Ki raba su rukuni-rukuni, takwas zuwa goma, kowane rukuni da gwangwani ɗaya, roba ɗaya, kiret ɗaya da 'yan karare. Yaran ne za su kawo, ba sai kin saya ba, sai dai ki duba bakin gwangwanayen kada su yanki hannu. A madadin gari da sukari a yi da rairayi busasshe, a madadin mai a yi da ruwa, a tsakar makaranta ƙarƙashin inuwa in aji ya yi ƙunci. Kowane rukuni da mai zubawa, mai ƙirgawa da mai rubutawa, ana juyawa, in ba haka ba yara uku ne za su yi aikin sauran suna kallo.

Ina roƙonki kada ki hura wuta a makaranta, kuma kada ki kawo abincin da ba zai kai kowa ba. Cikin yaran nan akwai wanda bai karya ba, kuma yanka burodi a gabansa a ba wasu zalunci ne, ko da sunan darasi. In burodi biyu ne, a yanka su ƙanana a ƙarshe kowa ya samu, wannan ma lissafi ne: biyu ga mutum 80, kowa 1/40. In kina son a yi na gaske sau ɗaya a ƙarshen zango, zoɓo ya fi sauƙi. A dafa shi a gida da ruwan da aka tafasa, yaran su lissafa sukari da yawan kofuna, a wanke hannu da sabulu. Kwalara ba baƙuwa ba ce a yankinmu, musamman da damina. Ki sanar da shugaban makaranta da iyaye tukuna, kuma ki kauce wa watan azumi.

Maza za su ce girki na mata ne. Kada ki yi musu da su, ki canza misali: mai shayi da awon madararsa da sukarinsa, mai tsire da rabon nama, mai gidan burodi da buhun fulawa, mai sayar da man girki na Diamaor yana ɗura lita cikin kwata-kwata. Duk maza ne, duk da kaso suke cin abinci.

Inda hanyar ta tsaya

Girki yana ba da ma'ana, amma ba ya ba da sauri, kuma jarrabawa tana son duka biyun. Babu tukunyar da za ta kawo miki 7/13, ko sauƙaƙa 36/48, ko tara kaso uku masu lambar ƙasa daban cikin minti biyu. Waɗannan sai da maimaici a kan allon hannu da littafi, kullum, kamar yadda muka saba. Akwai kuma haɗarin da na fi gani: yaro ya iya da roba, a ba shi takarda ya kasa, domin ba a gina masa gada tsakanin biyun ba. Masanin nan Jerome Bruner ya tsara matakai uku tun wajen 1966, wanda Singafo ta gina koyar da lissafinta a kai: a yi da hannu, a zana, sannan a rubuta da alama. Shawarata ita ce ukun su faru a zama ɗaya. In darasinki minti 45 ne, sulusi na zubawa, sulusi na zana abin da aka zuba, sulusi na rubutu da atisaye ba tare da kayan a gabansu ba. Ranar da aka yi awo aka tashi ba a rubuta ba, wasa aka yi. Sannu a hankali kuma ki riƙa janye kayan, har ya zama zanen layi kawai yaro ke buƙata in ya rikice, domin shi ne abin da zai iya yi a gefen takardar jarrabawa. In mai duba makarantu ya zo ya tarar da gwangwanaye, manhajar firamare ta 2018 tana bayanki, ita ce ta nemi a ɗaure darasi da rayuwar yaro.

Kuma ba kowane yaro ne matsalarsa kaso ba. Wanda bai riƙe jadawalin ninkawa ba zai gane 5/6 a kiret, amma zai maƙale wajen neman lambar da 4 da 6 suke shiga. Irin waɗannan ki ware musu 'yan mintuna na jadawali kowace safiya, roba ba za ta yi musu wannan aikin ba.

Bayan mako biyu ko uku ki gwada su da tambayoyin da hadda ba ta amsawa. Ki ja layi daga 0 zuwa 2, ki ce su sa 1/8, 3/4 da 5/4 a wurarensu. Ki tambaya 7/8 + 9/10 ya fi kusa da 1 ko da 2, ba tare da sun yi lissafi ba. Wanda ya ce 2, domin kowanne ya kusa cika, ya wuce, ki ba shi atisaye masu nauyi. Wanda ya rubuta 16/18 har yanzu lambobi huɗu yake gani a takardar, ki mayar da shi rukunin roba da kiret na wani mako, ki zaunar da shi kusa da wanda ya gane ya yi masa bayani da harshen gida.